Bidiyona ya yi yawo, amma kwastoma bai zo ba

Wani mai hoto da ke da sutudiyo a Tudun Wadan Zariya ne ya aiko da wannan tambaya: "Malam, shekarata shida a sana'ar hoto. Tun da waya ta yawaita a hannun jama'a ciniki ya ja baya, daga fasfo sai ɗan bikin da ba a rasa ba. Yara suka ce in buɗe TikTok, na buɗe. Akwai bidiyon Hawan Daushe da na sa, sama da mutum 40,000 suka kalla, amma ko mutum ɗaya bai kira ni aiki ba. Yanzu na tara naira 60,000. In biya Facebook su tallata ni, ko in ƙara kuɗi in sayi sabuwar fitilar sutudiyo?"

Ɗan'uwa, Allah ya sa wa sana'a albarka. Kafin mu taɓa maganar kuɗin, mu fara da mutum 40,000 ɗin nan, domin a nan matsalar take. TikTok yana kai bidiyo ne ga duk wanda ya ga alamar yana son irin abin, ko a ina yake. Dawaki da algaita da jaruman Zazzau abin sha'awa ne ga Bahaushen Kano da na Maraɗi da wanda ke zaune a Jidda yana kewar gida. Sun kalla, sun ji daɗi, sun wuce. Wanda zai ba ka aiki kuwa mutum ne da ɗan acaba zai iya kawo shi ƙofar shagonka: na Gyallesu, na Kofar Doka, na Sabon Gari, na Samaru, in an yi nisa na Shika ko Giwa. Mutum 300 'yan Zariya da suka san inda kake sun fi maka waɗancan dubban amfani. Sannan bidiyon hawan ya nuna Sarki da dawakinsa ne, bai nuna kai ba. Wanda ya kalla bai san akwai mai hoton da ke neman aiki a bayan kyamarar ba.

Saboda haka kowane bidiyo da za ka yi daga yau, a daƙiƙa uku na farko a ji sunan Zariya ko a gan shi a rubuce. Ka faɗa da bakinka: "Ga yadda muka ɗauki hoton wani ango a Kofar Gayan." Ka sa alamar wuri, ka rubuta sunan unguwa a ƙasan bidiyon, lambarka ta WhatsApp kuma ta kasance a saman shafinka. Mutum yana saurin tsayawa idan ya ga inda ya sani. Gadar Kwangila, shataletalen PZ, ƙofar fada, ragowar ganuwa, dutsen Kufena da yamma lokacin da rana ta yi ja, duk waɗannan bango ne na kyauta, kuma kowannensu yana gaya wa mai kallo cewa kai ɗan gida ne.

Me za ka nuna a ciki? Ka tambayi kanka abin da ke hana uban amarya ko ango kiran mai hoton da bai sani ba. A iya abin da na gani, tsoro uku ne: kada ka makara ranar biki, kada ka riƙe hotuna wata biyu ana bin ka, kada kuma hoton iyalinsa ya fita duniya. Kyawun hoto yana zuwa ne bayan waɗannan. To bidiyonka ya riƙa amsa su ɗaya bayan ɗaya.

Akwai wani mai hoto a Sabon Gari da na taɓa zama a shagonsa. Wani dattijo ya shigo da hoton mahaifinsa, baƙi da fari, a naɗe cikin leda, gefensa ruwa ya ci, layin ninki ya ratsa ta tsakiyar rawani. Mai shagon ya jingina waya a kan tebur ya ɗauki hannun dattijon yana warware ledar, ya ɗauki allon kwamfuta ana goge tabon a hankali, sannan ya ɗauki lokacin da aka miƙa masa sabon hoton cikin firem. Dattijon ya yi shiru yana kallo, ya share ido da bakin babbar riga, ya ce "Allah ya jiƙan Baba." Da izininsa aka sa bidiyon, bai kai daƙiƙa 30 ba. Kusan kowane gida a cikin birni yana da irin wannan hoto a ƙasan akwati, kuma aiki ne da wayar hannu ba ta raba ku da shi ba. Irin wannan nake so ka nema: abin da kake iya yi wanda yaro mai waya ba zai iya ba. Ka ɗauki mutum ɗaya a wuri ɗaya da waya, ka sake ɗaukarsa da kyamara da fitila, ka jera su. Ka nuna yadda kake gyara wa ango zaman hula da ninkin hannun riga kafin ka danna. Ka buɗe alabam a gaban kyamara shafi-shafi, ka ce an yi bikin ranar Asabar, ga shi ana miƙawa ranar Alhamis. Gani ya kori ji.

Kuma ka faɗi farashi. Na san 'yan sana'a ba sa so, suna gudun abokan hamayya su karya musu kasuwa. Amma da yawa daga cikin masu kallonka sun ɗauka mai kyamara ya fi ƙarfinsu, kunya ce ke hana su tambaya. Ko da "daga naira kaza ake farawa" ne, ka faɗa, ka bayyana abin da ke ciki da kafin alƙalamin da ake bayarwa.

Maganar izini ita ce wadda nake so ka fi riƙewa. Na san mai hoton da ya sa bidiyon kamu a shafinsa don amaryar ta yi kyau, bai tambayi kowa ba. Kafin magariba dangin ango sun iso shagon. Ya goge, ya ba da haƙuri, amma an riga an sauke bidiyon a wayoyi, kuma gidan da duk danginsu ba su sake kiransa ba. A gari irin Zariya, inda kowa ɗan'uwan wani ne ko surukinsa, labari irin wannan ya fi kowane bidiyo gudu. Ga kuma dokar kare bayanan jama'a ta 2023, wadda ta sa hoton mutum cikin abin da ba a amfani da shi yadda aka ga dama. Ka ƙara layi ɗaya a rasiɗinka: na yarda a sa hotona a talla, ko ban yarda ba. Wanda ya yarda ka yi masa ɗan ragi. Yara kuwa sai da yardar iyayensu. Idan ba a yarda da fuska ba, akwai lalle a hannu, akwai zobe, akwai aikin wuyan riga, akwai adon zaure. In kana da ƙanwa ko wata da ka koya wa aiki wadda za ta shiga ɓangaren mata, ka yi bidiyo guda a kan wannan kawai. Akwai gidajen da wannan ne kaɗai abin da suke jira su ji.

Wajen sakawa, kada ka raina status na WhatsApp. Ba ya wuce awa 24, kuma sai wanda kuka ajiye lambar juna ne zai gani, to amma su ne ainihin mutanenka. Duk wanda ya zo ɗaukar fasfo, ka roƙe shi ku yi musayar lamba. Ka koma WhatsApp Business, kyauta ne, ka jera ayyukanka da farashi a katalog ɗinsa. Bidiyo ɗaya da ka ɗauka a tsaye zai shiga status da TikTok da Reels na Instagram da Facebook ba tare da ƙarin wahala ba. Ka sa shagonka a taswirar Google, shi ma ba a biya. Waƙa kuwa ka yi hattara, ana iya kashe sautin bidiyo saboda haƙƙin mallaka, muryarka da Hausarka sun wadatar.

Da ɗan gari akan ci gari. Amarya takan ga mai lalle da mai kwalliya da tela tun kafin a yi tunanin mai hoto. Ka je wurin biyu ko uku daga cikinsu, ka ɗaukar musu aikinsu kyauta, su sa da sunanka. Instagram yana da tsarin da bidiyo ɗaya zai fito a shafin mutum biyu lokaci guda. Sannan ka bi kalandar gari. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello a Samaru da Kongo, da na Kwalejin Nuhu Bamalli, suna neman mai hoto ranar da suka gama jarrabawar ƙarshe suna rubuce wa juna fararen riguna. Aure yakan yi yawa gab da azumi da bayan Sallah, ga saukar karatu a Islamiyyu. Bidiyon kowane lokaci ya fita mako uku kafin lokacin, sa'ad da ake yanke shawarar wanda za a kira.

Yanzu ga kuɗinka. Fitilar ta jira, tunda wadda kake da ita tana aiki. Ka sayi ƙaramar makirufo ta maƙalawa a wuyan riga da ƙafar ɗora waya, domin mutane sukan haƙura da hoto mai ɗan duhu amma ba sa haƙura da sautin da janareton maƙwabci ya cinye. Ka ware kuɗin data na wata biyu. Ka ajiye naira 15,000 gefe, kada ka taɓa sai ka yi mako huɗu kana sa bidiyo uku a mako. Bidiyon da ya fi jawo tambayar "nawa ne?" shi za ka biya wa talla a Facebook da wannan kuɗin. Wurin biyan, ka zaɓi Zariya da ɗan kewayenta kawai, ka zaɓi a turo maka saƙon WhatsApp, ka raba kuɗin kwana bakwai, ka kuma tuna ana ɗora harajin kashi 7.5 cikin 100 a kai.

Ka sami ƙaramin littafi a kan teburin shago. Duk wanda ya kira ko ya shigo, ka tambaye shi a ina ya gan ka, ka rubuta, tare da abin da ya biya da ribar da ta rage bayan wanki da firem da kuɗin mai. Idan tallar 15,000 ta kawo aiki biyu masu ribar 10,000 kowanne, ta biya kanta, sai ka maimaita. Idan ba ta kawo komai ba, ka tsaya, ka canza bidiyon kafin ka sake zuba ko kwabo. Bayan mako shida ka turo mini hoton shafukan littafin, mu duba tare ko lokacin sayen fitilar ya yi.