Sauya wa rumbun bayanai gida: amsoshin tambayoyinku daga Gusau, Birnin Kebbi, Jega da Argungu

Saƙonni huɗu na wannan makon duk ƙorafi ɗaya suka ɗauko: tsohuwar saba, wato kwamfuta ko manhajar da ke riƙe da rumbun bayanai, ta gaji, an samo sabuwa, ana tsoron kada bayanan shekara da shekaru su salwanta a hanya. Na haɗa su wuri guda.

Tambaya daga wani mai sarin magunguna a Gusau: Malam, barka da aiki. Manhajar da muke lissafin kaya da bashin abokan ciniki tana kan wata tsohuwar kwamfuta mai Windows 7, da SQL Server 2012 Express. Na sayi sabuwa mai Windows 11. Yaron da ke duba mana kwamfuta ya ce aikin minti talatin ne. In bar shi ya yi?

Amsa: Alhaji, kwafin kansa zai iya ƙarewa cikin minti talatin, yaron bai yi ƙarya ba. Abin da ke gaba da kwafin da abin da ke bayansa su ne aikin.

Sauyawar dai ta zama dole. Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun Janairun 2020, ya kuma janye hannu daga SQL Server 2012 a Yulin 2022. Kuma SQL Server 2012 ba ya cikin nau'o'in da kamfanin ya amince a girka a kan Windows 11. Amma kafin a sauko da SQL Server 2019 ko 2022, a kira wanda ya sayar maku da manhajar a tambaye shi wane nau'i take jituwa da shi, kuma ko lasisinta yana ɗaure da tsohuwar kwamfutar. Na sha ganin an gama ƙaura lafiya, manhaja ta buɗe ta ce ba ta san wannan na'ura ba.

Sannan a duba lafiyar rumbun tun yana tsohon gidansa, da umarnin DBCC CHECKDB. Kwamfutar da NEPA ta yi shekara goma tana kashewa babu sallama ba abin mamaki ba ne a tarar da ɓarna a cikinta, kuma ɓarnar bin kwafi take yi zuwa sabon gida. In ya fito sumul, a ɗauki cikakken kwafin ajiya, wato fayil ɗin da ke ƙarewa da .bak, a kai shi sabuwar sabar a dawo da shi. Na 2012 yana hawa 2019 ko 2022 kai tsaye, ba ya buƙatar yada zango.

Ga abin da nake so ku riƙe, Alhaji, ko da kun manta sauran: hanyar nan mai tafiya ce, ba ta da dawowa. Da zarar sabuwar saba ta karɓi rumbun, takan sauya tsarin fayilolinsa zuwa nata, kuma kwafin da aka ɗauka daga 2022 ba zai taɓa buɗuwa a 2012 ba. Saboda haka ban yarda da dabarar da wasu ke yi ta ciro ainihin fayil ɗin .mdf daga tsohuwar a manna wa sabuwar ba. In aka yi haka da fayil ɗin asali, abu ya cije, an ƙone gadar komawa. Tsohuwar kwamfuta a bar ta yadda take, kada a goge ta, kada a bai wa yaran gida su yi wasa da ita.

Inda aikin minti talatin yakan koma na kwana biyu shi ne abubuwan da ba sa cikin .bak ɗin. Sunayen shiga da kalmomin sirri suna zaune ne a wani rumbu daban na sabar mai suna master, ba sa bin kwafin. Sai a dawo da komai, a buɗe manhaja, ta ce an hana ta shiga. Maganinsa a ƙirƙiri sunan shigar a sabuwar saba, a ɗaura shi da na cikin rumbun da umarnin ALTER USER. Haka nan in akwai wasu kwamfutoci a kanta da ke haɗuwa da babbar, sunan tsohuwar suka sani, sai an gyara masu. Kuma Express yana zuwa ne da TCP/IP a kashe, dole a kunna shi a kuma buɗe masa ƙofa a katangar tsaron Windows, in ba haka ba babbar kwamfuta kaɗai za ta riƙa ganin rumbun. Ku kuma sa a duba girmansa, domin Express daga 2012 har 2022 ba ya ɗaukar rumbun da ya wuce gigabait 10.

A yi gwaji tukuna, ranar da ba komai ke hannu ba. Bayan an dawo da kwafin, ku da kanku za ku zauna, ba yaron ba: ku fito da jimlar bashin da ake bin mutane a tsohuwar da sabuwar, da jimlar cinikin watan jiya, da adadin kwalayen magani biyar da kuka fi sani. In alƙaluma sun yi daidai har kwabo, sai a sa ranar gaske, bayan an rufe kanti, a sake ɗaukar sabon kwafi a maimaita. A tabbatar da janareto ko inbata na tsaye. Ni kaina an taɓa ɗauke mani wuta ana tsakiyar dawo da rumbun wani asibiti, UPS ɗin da na dogara da shi ashe batirinsa ya mutu tun bara. Abin da ya cece ni a daren nan shi ne ban taɓa tsohuwar ba. Washegari kuma ku cire wayar tsohuwar daga bango, don kada wani yaron kanti ya kunna ta bisa sabo ya shigar da ciniki, a wayi gari lissafi ya rabu gida biyu.

Tambaya daga wata malamar kwamfuta a wata makarantar kuɗi a Birnin Kebbi: Sakamakon jarrabawar ɗalibanmu yana kan MySQL 5.6. Na fitar da shi da mysqldump na zuba a MySQL 8. Yanzu sunaye masu ƙ da ɗ duk sun rikice, ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Shafin da ke jera matsayin ɗalibai ma ya daina buɗewa. Tsohuwar sabar tana nan ban taɓa ta ba.

Amsa: Malama, jimlarki ta ƙarshe ta kwantar mani da hankali. Kuma irin rikicewar da kika gani mai sauƙin ce. In da alamar tambaya kika gani a gurbin harafin, to harafin ya tafi, sai an koma tushe. Amma Æ™ na nufin bayanin yana nan daram, karatunsa ne aka yi da gurguwar fahimta.

Ga yadda abin ya faru. Kafin MySQL 8.0, wanda ya fito a Afrilun 2018, tsarin haruffan da saba ke zaɓa da kanta shi ne latin1, wanda aka yi domin harsunan yammacin Turai. Babu ɓ, ɗ, ƙ, ƴ a cikinsa, alamar ₦ ma babu. Manhajarku tana aika sunaye da tsarin UTF-8, inda ƙ ke cin bait biyu. Tsohuwar sabar ta karɓi bait biyun nan ta ajiye a matsayin haruffa biyu na latin1, in an nema ta mayar da su yadda suka zo, allon ya haɗa su ya nuna ƙ. Kuskure biyu suka yi ta rufa wa juna asiri shekara da shekaru. Da kika yi ƙaura, sabuwar sabar mai utf8mb4 ta ɗauki haruffa biyun da gaske, ta fassara kowanne da kansa, asiri ya tonu.

Kada ki zauna gyara sunaye ɗaya bayan ɗaya. Ki koma tsohuwar ki sake fitarwa, wannan karon ki ƙara --default-character-set=latin1 da --skip-set-charset a umarnin mysqldump, don bait ɗin su fito yadda aka zuba su babu fassara. Ki buɗe fayil ɗin da manhajar rubutu da ta san UTF-8. In kin ga ƙ da ɗ sun fito daidai, kin kama bakin zaren. Sai ki sauya latin1 zuwa utf8mb4 a layukan da ke ƙera tebura, ki zuba a sabon rumbu da aka ƙirƙira da utf8mb4, ki kuma gyara manhajar ta riƙa haɗuwa da sabar da utf8mb4. In a Windows kike, ki yi amfani da --result-file maimakon alamar > a PowerShell, wato tagar rubuta umarni ta Windows, domin tsohon PowerShell yakan rubuta fayil ɗin da UTF-16, wanda MySQL ba zai iya karantawa ba. Ki ƙara da --routines da --events, don ba sa fitowa sai an ambace su.

Shafin matsayi kuwa, ko ban ga saƙon kuskuren ba ina da wanda nake zargi. MySQL 8.0 ya ƙwace wasu kalmomi ya mayar da su nasa, cikinsu akwai RANK da GROUPS da SYSTEM. Wanda ya rubuta manhajar makaranta kuma da wuya bai sa wa ginshiƙin matsayi suna rank ba. In haka ne, a kewaye sunan da alamar ` a duk inda ya fito, ko a sauya masa suna gaba ɗaya. In ba shi ba ne, ki duba tambayoyin da ke amfani da GROUP BY, domin tun daga 5.7 sabar ta daina yi masu sassaucin da 5.6 ke yi.

Akwai wani tarko da ke jiran makarantunmu musamman. Ɗalibin da ba a shigar da ranar haihuwarsa ba, tsofaffin manhajoji sukan rubuta masa 0000-00-00. Nau'in 5.6 bai cika damuwa ba, amma daga 5.7 tsarin tsanani, wato saitin da ke hana saba karɓar gurguwar bayani, yana ƙin irin wannan kwanan wata. Ki mayar da su NULL, wato gurbin da babu komai a ciki. Wasu za su ce ki kashe tsarin tsananin kawai ki huta. Zai yi aiki, amma ɗage ranar wanka ne.

Ki kuma duba wane 8 ɗin kika hau. Tallafin 5.7 ya ƙare a Oktoban 2023, na 8.0 kuma wa'adinsa Afrilun 2026 ne. Tunda kin riga kin sha wahalar ƙaura, ki nufi 8.4, mai dogon tallafi. Sai dai a 8.4 tsohuwar hanyar tantance kalmar sirri, mysql_native_password, a kashe take zuwa, don haka PHP ɗinku, harshen da ake rubuta irin wannan manhaja da shi, ya zama aƙalla 7.4, gara ma jerin 8.

Tambaya daga wani ɗalibi a Jega: Na kwafe foldar data ta XAMPP daga tsohuwar laftof ɗina na zuba cikin MySQL 8 a sabuwa, ya ƙi tashi. Mi ya faru?

Amsa: Ƙanena, abu biyu. Abin da ke riƙe rumbu a cikin XAMPP na shekarun nan, wato ƙunshin manhajojin gwada shafin intanet a kwamfuta, MariaDB ne, ko da maɓallin yana cewa MySQL. Asalinsu ɗaya, amma sun raba gari, fayilolinsu ba sa shiga na juna. Na biyu, MySQL 8 ya yi watsi da fayilolin .frm da ke riƙe fasalin tebura a tsohon tsari. Ka girka XAMPP irin nau'in da ke tsohuwar laftof ɗin, ka mayar masa da foldar gaba ɗaya har da ibdata1, ka tashe shi, ka fitar da rumbunka a matsayin fayil .sql, shi za ka zuba a sabuwar. Rumbunka kaɗai, ban da wanda ake kira mysql.

Tambaya daga wani akawun kamfanin casar shinkafa a Argungu: Tunda dai ƙaura za mu yi, ba gara mu mayar da komai kan intanet mu rabu da saba a ofis ba?

Amsa: Ranka ya daɗe, akwai riba a ciki: ba ruwanku da batirin UPS, ba ruwanku da ƙurar hunturu da ke toshe fankar saba, kuma masu hayar ne ke ɗaukar nauyin sabuntawa. Amma tambayar da zan mayar maka ita ce, in layi ya ɗauke, za a iya auna buhu a yanka rasit? Maƙwabtanku na Zamfara sun ɗanɗana a Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a faɗin jihar saboda matsalar tsaro, aka kwashe makonni babu kira babu data. Wanda rumbunsa ke kan intanet a lokacin, nasa ne amma ba ya iya kaiwa gare shi. Ga kuma kuɗin haya, wanda manyan kamfanonin waje ke lissafawa da dala.

Ga wurin da ciniki ke gudana a harabar kamfani, motoci na jiran a sallame su, ni na fi son sabar ta zauna a ofis, kwafin ajiyarta ne zai riƙa hawa intanet kowane dare, a kulle da kalmar sirri. Wani kwafin kuma a faifan waje da ke kwana a wani gini daban. Kuma kada ku haɗa ƙaura biyu a rana ɗaya, sauya nau'i da sauya mazauni, domin in abu ya lalace ba za ku san wanne ya jawo ba. Ku fara hawa sabon nau'in a ofis, ku bar shi ya ga ƙarshen wata guda, a biya albashi a rufe lissafi da shi. Ka rubuto mani da sunan manhajar da kuke amfani da ita da yawan kwamfutocin da ke haɗe da sabar, sai mu ga ko sauya mazaunin ma ya cancanci a yi shi.