Amsa da misalin Leigh Matthews: gwanin fili yana zama gwanin horarwa?

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko gaskiya ne ɗan wasan da ya yi fice ba ya iya zama koci nagari, kuma ko akwai wanda ya haɗa biyun a ƙwallon Ostareliya. Na daɗe ina zaune a Melbon ina bin wannan wasa, kuma sunan da zan ba ka shi ne Leigh Matthews.

Ga wanda bai san wasan ba, mutum 18 ne a kowane ɓangare, fili mai siffar ƙwai, da turaku huɗu a kowane ƙarshe. Ƙwallon da aka buga ta ratsa tsakanin turaku biyu na tsakiya maki 6 ce, ta gefe kuma maki 1. Matthews ya buga wa ƙungiyar Hawthorn wasa 332 daga 1969 zuwa 1985, ya ci ƙwallo 915, ya ɗauki kofi a 1971, 1976, 1978 da 1983. Ba dogo ba ne, amma ƙaƙƙarfa ne marar tsoron karo, har a 1982 ya yi karo da turken gefe a filin Essendon, turken ya karye shi kuma ya ci gaba da wasa. Wannan zafin yana da muninsa, domin a 1985 ya naushi Neville Bruns na Geelong ya karya masa muƙamuƙi, maganar ta kai kotu. Ban yarda a ɓoye wannan ba idan ana yabonsa.

Mafi yawan mutane idan za su kafa hujja da aikinsa na koci sai su ambaci Brisbane Lions, wadda ya karɓa a 1999 bayan ta ƙare a ƙasan teburi, ya ɗauki kofi uku a jere da ita a 2001, 2002 da 2003, kafin Port Adelaide ta doke su a wasan ƙarshe na 2004. Abin a yaba ne, sai dai yana da Michael Voss da Simon Black da Jason Akermanis, waɗanda kowannensu ya ci lambar Brownlow ta gwarzon shekara, kuma koci da yawa za su taɓuka abin kirki da irin waɗannan.

Ni a ganina hujjar da ta fi ƙarfi ita ce Collingwood. Ya karɓe ta daga Bob Rose a 1986, lokacin da rabonta da kofi tun 1958, bayan ta sha kaye a wasan ƙarshe sau takwas, har magoya bayanta suka fara ɗauka cewa abin ya zama musu ƙaddara. Wani dattijo maƙwabcina, wanda ya halarci da yawa daga cikin waɗannan wasanni, ya gaya mini cewa a wasan ƙarshe na 1990 bai yarda ya yi murna ba sai da aka busa tashi, yana riƙe da gyalensa mai baƙi da fari, launin Collingwood, duk da cewa sun yi wa Essendon nisa tun kafin hutun rabin lokaci. An tashi 89 da 41. Collingwood tana da gwani irin Peter Daicos, amma ƙarfinta yana ga mutane irin kyaftin Tony Shaw, da Darren Millane wanda ya buga da karyayyen babban yatsa, da Gavin Brown wanda aka sumar a wata hatsaniya ya dawo fili ya ci ƙwallo. Abin da Matthews ya sa musu shi ne halinsa na fili: kowa ya san aikinsa, kowa ya sa jikinsa a kan ƙwallo, ba a karɓar uzuri.

Kada kuma ka ɗauka tafiyar ba tangarɗa. Collingwood ta ƙare a matsayi na goma a teburi a 1995 ya bar ta, kuma shekarunsa na ƙarshe a Brisbane kafin ya ajiye aiki a 2008 ba su yi armashi ba, domin manyan 'yan wasan sun tsufa. Voss da ya gaje shi, duk da ficensa a fili, bai samu irin wannan nasarar a can ba, aka sallame shi a 2013.