Tambaya da Amsa: Yaya Ake Bambance Ra'ayi da Hujja a Gardamar Rigakafi?

Tambaya: Malam, a majalisarmu kullum muna gardama kan allurar rigakafi. Idan na kawo maganar likitoci sai wani dattijo ya ce wannan ra'ayin Turawa ne, shi da Allah ya dogara. Idan shi ya kawo tasa, ni ma sai in ce ra'ayinsa ne. Ta yaya za mu gane wace magana ce tabbatacciya, wacce ce ra'ayi?

Amsa: Ɗan'uwa, kafin ka yarda da magana ko ka ƙi ta, tambayi mai ita: me za mu gani da zai nuna ba haka ba ne, kuma wa zai iya dubawa? In akwai amsa, maganar ta shiga sahun abin da ake aunawa, ko daga bakin wa ta fito. In babu, to ra'ayi ce ko kuma aƙida, kowanne da wurin zamansa.

Rikicin rigakafin shan-inna na 2003 ya ishe mu misali. A shekarar ne Kano da wasu jihohin Arewa suka dakatar da ɗigon, bayan an yaɗa cewa an gauraya shi da maganin hana haihuwa. Masu tsoron ba daga sama suka ɗauko shi ba. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a Kano a wani gwaji da ya ƙunshi yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, kuma a 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wannan ya faru, yana rubuce. Duk wanda ya ce wa dattijonku ƙarya ne, shi ne bai san tarihi ba.

Inda ake zamewa shi ne a ɗauki wannan gaskiyar a ɗora mata wata maganar da ba a tabbatar ba. "An taɓa cutar da mu" dalili ne na a bincika. Bai zama shaidar cewa ɗigon shan-inna yana hana haihuwa ba, don wannan da'awa ce daban, kuma ana iya gwada ta. An gwada ruwan maganin a ɗakunan bincike, Kano ta koma rigakafi a Yulin 2004 da maganin da aka sayo daga Indonesiya. Gwajin da ya fi kowanne sauƙi ma yana cikin gidajenmu: 'yan matan da aka ɗiga wa a wancan lokacin yau su ne ke goye da 'ya'ya. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna matsakaicin haihuwar mace a Arewa maso Yamma ya kai 6.6, sama da na ƙasa baki ɗaya, 5.3. Shi kuwa tsaikon an ga abin da ya jawo: an bi sawun ƙwayar cutar daga Najeriya har Sudan da Yaman da Indonesiya.

Batun dogaro ga Allah kuma wani fage ne. Cewa cuta da waraka duk daga Allah suke aƙida ce, babu na'urar da za ta tabbatar ko ta rushe ta, kuma likitan da ya ce kimiyya ta ƙaryata ta ya wuce gona da iri. Sai dai "saboda haka kada a yi rigakafi" ba ita ce aƙidar ba, fahimtar mai maganar ce, kuma malamai ne za su auna ta da nassi. Sayyidina Umar da ya ji annoba ta ɓarke a Sham ya juya da tawagarsa, aka ce masa gudun ƙaddara yake yi, ya ce daga ƙaddarar Allah suke gudu zuwa ƙaddarar Allah.

Kai ma ka kula da ɓangarenka, don masu riƙe da maganar likitoci sukan sayar da ra'ayi da sunan kimiyya. Mai cewa rigakafi ba shi da illa ko kaɗan bai faɗi daidai ba. Ɗigon baki yana ɗauke da ƙwayar cuta mai rai da aka raunana, kuma a inda yara da yawa ba su samu ba, takan yi ta yawo har ta sake ƙarfi ta shanye ƙafar yaro. Shi ya sa ko bayan an ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar a Agustan 2020 ma'aikata ba su daina zagaye ba. Idan kuma dattijon ya ce me ya sa ake bin sa gida da ɗigo kyauta alhali maganin zazzaɓin cizon sauro sai ya saya, kada ka nemi amsarsa a ɗakin gwaji. Ƙorafi ne kan yadda hukuma ke kasafta kuɗin lafiya, yana da haƙƙin yin sa, ni ma a nan ina bayansa.