Tambaya da Amsa: Yaya aka yi aka kafa tashar NY1 ta birnin New York, kuma da me take riƙe kanta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne mai karatun aikin jarida. A wani darasi an ambaci wata tashar talabijin a Amurka mai suna NY1, aka ce dare da rana labarin birnin New York kaɗai take bayarwa. Abin ya ɗaure mini kai. Yaya aka yi aka kafa ta, kuma da me take riƙe kanta tunda ba ta neman masu kallo a wajen garin?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Idan kana son gane NY1, fara da duba wanda ya kafa ta. Kamfanin da ke ja wa gidaje wayar talabijin ne ya kafa ta, wato Time Warner Cable, kuma kusan duk abin da za ka gani a tarihinta, na alheri da na rauni, daga nan ya samo tushe.

Bari in ɗan koma baya. Talabijin ɗin kebul ya faro ne a ƙarshen shekarun 1940 a ƙananan garuruwan Amurka da duwatsu suka tare, kamar wasu na jihar Pennsylvania, inda eriyar gida ba ta kama hoto. Sai a kafa babbar eriya a kan tsauni, a ja waya zuwa gidaje, kowane gida ya riƙa biyan kuɗin wata. Shekaru da yawa aikin kamfanonin ke nan, ɗauko tashoshin wasu su kai wa mutane. Daga baya ne suka fara samun tashoshin da sai ta waya ake ganinsu. A ranar 1 ga Yuni, 1980, Ted Turner ya buɗe CNN, ya nuna cewa ana iya ba da labarai awa 24 kuma a samu masu kallo. Abin da ya rage shi ne wani ya gwada hakan a kan yanki ɗaya.

Wanda ya fara gwadawa shi ne Charles Dolan, mai kamfanin Cablevision, wanda kuma shi ne ya assasa tashar finafinai ta HBO. A watan Disamba na 1986 ya buɗe News 12 Long Island, tashar labaran yanki ta farko a Amurka mai aiki dare da rana. Dalilinsa a fili yake. Gundumomin Nassau da Suffolk na tsibirin Long Island suna da mutum fiye da miliyan biyu da rabi, amma manyan tashoshin da suke kallo, irin su WCBS da WNBC da WABC, duk a Manhattan suke, kuma su ne ke ɗauke da nauyin labaran sassan jihohi uku: New York da New Jersey da Connecticut. Tashar da ke da rabin awa ko awa ɗaya da yamma don ta gamsar da mutum kusan miliyan ashirin ba za ta tsaya kan rigimar hukumar makarantun wani ƙaramin gari ba, sai dai in gobara ta tashi ko an yi kisa.

Wannan giɓin har cikin birnin New York akwai shi. Birni ne mai gundumomi biyar, Manhattan da Brooklyn da Queens da Bronx da Staten Island, kuma mutumin Queens yana iya yin mako bai ga unguwarsu a labarai ba. Richard Aurelio, wanda ya taɓa zama mataimakin magajin gari a zamanin John Lindsay, shi ne ke jagorantar harkar Time Warner Cable a birnin a wancan lokaci, kuma shi ya tsaya kai da fata aka buɗe NY1 a ranar 8 ga Satumba, 1992. Zamani ne da irin waɗannan tashoshi ke ta tsirowa: a watan Maris na shekarar an buɗe NECN a yankin Boston, a farkon 1993 kuma CLTV ta fara aiki a Chicago.

To ga amsar tambayarka ta biyu. NY1 tana sayar da talla, amma ba tallan ne ginshiƙinta ba. Ginshiƙinta shi ne kuɗin wata da gidaje ke biyan kamfanin kebul. Kamfanin ya ɗauke ta a matsayin wani abu da zai hana mutane barinsa. Tun daga 1994, lokacin da kamfanin talabijin ta tauraron ɗan'adam DirecTV ya fara aiki, masu tauraron ɗan'adam suna iya ba ka CNN da wasanni da finafinai kamar yadda kebul ke bayarwa, amma ba su da NY1. Duk magidancin da ya saba da ita da safe zai yi tunani sau biyu kafin ya yanke wayarsa ya kafa kwanon tauraro. Idan tashar ta riƙe gidaje masu yawa da da sun tafi, ta biya kuɗinta ko da tallan bai taka kara ya karya ba. Hujjar cewa lissafin yana aiki ita ce abin da abokin hamayya ya yi: da kamfanin Verizon ya shigo kasuwar talabijin a yankin, shi ma a 2009 sai ya buɗe tasa tashar labaran yanki mai suna FiOS1.

Tunda haka ne, dole a yi aikin cikin araha, kuma a nan ne NY1 ta kawo abin da ya shiga littattafan da kuke karantawa. A wancan zamani, idan babbar tasha za ta ɗauko labari, sai ta tura ɗan rahoto da mai kyamara, wani lokaci har da mai kula da sauti da babbar mota. NY1 ta ce mutum ɗaya ya isa. Ɗan rahoto zai sauko daga jirgin ƙarƙashin ƙasa da ƙaramar kyamara a jaka da ƙafafunta a kafaɗa. Shi zai ɗauki hoton wurin, shi zai riƙe makirfo yana tambaya idonsa ɗaya na kan kyamara. In ya zo yin nasa jawabin, sai ya kafa ta a bakin titi, ya daidaita, ya danna, ya zagayo gabanta ya yi magana, sannan ya koma ya duba ko kansa ya fito daidai. Ya dawo ofis ya rubuta labarin. Michael Rosenblum na cikin waɗanda suka horar da 'yan rahoton farko kan wannan salo. Manyan tashoshi sun raina abin a lokacin, kuma gaskiya hoton ba ya kai nasu kyau. Yau kusan babu ɗakin labarai na talabijin da ba ya aiki da irin wannan ɗan rahoton.

Abin da ya fi burge ni shi ne inda aka kai rarar da aka samu. Maimakon tawaga ɗaya mai mutum uku, sai aka samu 'yan rahoto uku, aka ba kowa fanninsa. Wani ya zauna a kan sufuri, wani ilimi, wani 'yan sanda, wani fadar magajin gari, wasu kuma aka ba su gunduma guda su riƙe. Haka jaridu ke yi, amma a talabijin ba a saba ba. Wanda ya shekara biyar yana bin hukumar sufurin birni ya san wane alkawari aka yi bara ba a cika ba, ya san wa zai kira, kuma jami'i ba ya iya rufe masa baki da dogon Turanci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A ganina wannan shi ne darasin da ya kamata ɗalibin jarida ya ɗauka daga NY1, ya fi batun kyamara nesa ba kusa ba.

Tsarin shirye-shiryenta ma na wanda zai leƙa ya wuce ne. Labarai na zagayawa, ana sabunta su idan wani abu ya taso, hasashen yanayi kuma yana zuwa duk minti goma a kan lambar da ta ƙare da ɗaya: ƙarfe bakwai da minti 1, da minti 11, da minti 21, haka har awa ta cika. Mai shirin fita aiki ya san lokacin da zai ɗaga kai ya ga ko zai ɗauki laima, da kuma wane layin jirgi ne ya samu matsala. Pat Kiernan, wanda ke gabatar da shirin safe tun 1997, ya yi suna da wani abu mai sauƙi: ya baza jaridun ranar a kan tebur, yana ɗagawa yana nuna wa kyamara, yana faɗin abin da ya dace a karanta. Da dare kuma akwai Inside City Hall, shirin siyasar birni da Errol Louis ke jagoranta tun 2010. Majalisar birnin tana da kujeru 51, kuma yawancin masu riƙe da su manyan tashoshi ba sa waiwayarsu. A nan ake zaunar da su a yi musu tambaya, a nan kuma ake yin wasu daga cikin muhawarorin 'yan takarar magajin gari.

Ranar tashin hankali ce ke fito da amfanin irin wannan tasha. A harin 11 ga Satumba, 2001, eriyoyin yawancin tashoshin birnin suna kan hasumiyar arewa ta Cibiyar Kasuwanci ta Duniya, da aka kai mata hari sai masu kallo da eriyar gida suka rasa hoton mafi yawansu, masu kebul kuwa suka ci gaba da gani. A makonnin da suka biyo baya, da kuma lokacin guguwar Sandy a watan Oktoba na 2012 da ruwa ya cika ramukan jirgin ƙarƙashin ƙasa, abin da mazauna ke nema ƙanana ne a idon duniya amma su ne rayuwarsu: wace gada aka buɗe, yaushe makarantu za su koma, ina ake raba ruwa. NY1 tana da lokacin da za ta watsa jawabin magajin gari daga farko har ƙarshe ba tare da ta yanke ba. A 2003 ta ƙara tasha ta biyu, NY1 Noticias, da harshen Sifaniyanci, saboda ɗimbin mazauna birnin da shi ne harshensu na gida.

Sai dai wanda ke cin abinci a hannun wani, ranar da mai hannun ya sauya ra'ayi zai ji a jikinsa. A 2013 Time Warner Cable ya so ya cire sunan NY1 ya sa nasa, masu kallo suka yi ca, dole aka bar sunan aka dai liƙa na kamfanin a gabansa. A watan Mayu na 2016 kamfanin Charter ya kammala sayen Time Warner Cable a kan sama da dala biliyan 55, tashar ta koma Spectrum News NY1. Aka soke wasu shirye-shirye, aka sallami wasu tsofaffin ma'aikata, aka kuma zuba kuɗi a sabon shirin safe na kai tsaye. A 2019 mata biyar daga cikin daɗaɗɗun masu gabatarwa suka kai ƙara suna zargin an mayar da su gefe saboda shekaru da jinsi. Kamfanin ya musanta, aka sasanta a ƙarshen 2020, suka bar tashar. 

Babbar barazanar ta fi sauyin mai gida girma. Gidajen da ke biyan kuɗin talabijin a Amurka sun kai kusan miliyan 100 a farkon shekarun 2010, daga nan suka fara raguwa shekara bayan shekara saboda mutane na komawa kallo ta intanet. Tashar da aka kafa don ta riƙe masu biyan kuɗin waya, in masu biyan suka ragu, hujjar kashe mata kuɗi tana raguwa tare da su. Northwest Cable News ta yankin Seattle ta rufe a Janairun 2017, FiOS1 ta rufe a Nuwamban 2019, CLTV ta bi su a ranar ƙarshe ta 2019 ɗin. Abin yana damuna, domin jaridun ƙananan garuruwa da ya kamata su cike gurbin su ma rufewa suke yi.

NY1 dai tana nan. Charter ya zaɓi ya faɗaɗa tashoshin Spectrum News zuwa wasu garuruwa, kamar Los Angeles a 2018, ya kuma fitar da manhajar waya domin wanda ke sayen intanet a wurinsa ya kalli tashar ko da ba shi da akwatin talabijin. Wato lissafin 1992 ne dai, amma yanzu masu sayen intanet ake son riƙewa. Idan za ka yi rubutu a kanta a makaranta, Malam, ina ba ka shawara ka duba yawan 'yan rahoton da har yanzu ke riƙe da fanni ɗaya ko gunduma ɗaya, ka kwatanta da na shekarun baya. Wannan adadin zai fi gaya maka halin da tashar ke ciki fiye da sunan da ke jikin allonta.