In saka manhajar haƙar kirifto a shafina?

Tambaya: Ina da shafin intanet da nake wallafa darussa a kai. Talla ba ta kawo abin kirki, ga masu karatu suna ƙorafi a kanta. Wani abokina ya ce in saka ƙaramar manhajar da ke haƙar kuɗin kirifto da na'urar duk wanda ya buɗe shafin, wai ba sai na sanar da kowa ba tunda ba kuɗin kowa za a taɓa ba. Mece ce shawararku?

Amsa: Ɗan'uwa, kada ka saka ta a ɓoye. Maganar cewa ba a taɓa kuɗin kowa ba ma ba gaskiya ba ce. Da zarar mutum ya buɗe shafinka, manhajar za ta ɗora wa ƙwaƙwalwar na'urarsa lissafi mai nauyi, ladan ya faɗa asusunka. Shi kuwa sai ya ji waya ta ɗau zafi a tafin hannunsa, caji yana zuba, ko fankar kwamfutarsa ta fara gurnani alhali rubutu kawai yake karantawa. Wutarsa ce, batirinsa ne ke tsufa. Wanda ya zo neman ilimi wurinka amana ya ba ka, kuma wannan ne ya fi damuna a tambayarka.

An riga an gwada wannan hanya. A watan Satumban 2017 Coinhive ta fito da irin wannan manhaja mai haƙar Monero, wani nau'in kuɗin kirifto, tana cire kashi 30 cikin ɗari na abin da aka samu. Shafin The Pirate Bay, wanda ake sauke fina-finai da waƙoƙi ta hanyarsa, ya gwada ta ba tare da sanar da kowa ba, masu shiga suka gano, aka yi ta ce-ce-ku-ce. A Fabrairun 2018 kuma 'yan kutse suka cusa ta cikin Browsealoud, manhajar da ke karanta shafi da murya don masu matsalar gani, sai ga dubban shafuka, har da na gwamnatin Birtaniya, suna haƙa ba da saninsu ba. Tun daga nan sunan abin ya ɓaci. Burauzar Opera ta riga ta sa kariya, ta Firefox kuma ta fara toshe irin waɗannan manhajoji kai tsaye a 2019, ita kanta Coinhive ta rufe a Maris na shekarar bayan darajar Monero ta faɗi warwas.

Akwai waɗanda suka nemi izini. Mujallar Salon ta Amurka ta ba masu toshe talla zaɓi a 2018, haka reshen UNICEF na Ostireliya ya buɗe shafi da mutum zai ba da aron ƙarfin kwamfutarsa a matsayin gudummawa. Idan ka nace, to ka yi koyi da su, har ka fi su. Ka faɗa da harshen da kowa zai gane cewa na'urar za ta yi zafi kuma za ta ci caji. Haƙar ta kasance a kashe har sai mutum ya danna da hannunsa, ya zaɓi yawan ƙarfin da zai bayar, maɓallin tsayarwa yana gabansa. Layi ɗaya da aka binne cikin dogayen sharuɗɗan da ba mai karantawa ba izini ba ne. Masu shiga da waya kuwa, ka ƙyale su gaba ɗaya.

Sai dai ko da izinin, riba ba ta taka kara ta karya ba. Mai karatu yana zama minti kaɗan ne ya tafi, haƙa ta cikin burauza ba ta kai ta manhajar da aka girka a kwamfuta ƙarfi ba, kuma manhajojin kariya na iya yi wa shafinka tambarin haɗari. A ganina, ka rage tallan zuwa wanda ba ya tsone ido, ka buɗe hanyar tallafi ga mai so, sannan ka ware wasu darussa masu zurfi da za a biya kafin a karanta.