Ga ƙanina mai son zuwa Ingila yin PhD a harkar kwamfuta

Ƙanina na ga saƙonka da furofozal ɗin da ka turo, wai za ka haɗa manhaja ta magance ɓatan fayil a asibitocin jiharmu, in miƙa wa sufabaizana, malamin da ke duba bincikena. Gaskiya ba zan miƙa ba, ko shafi biyu ba zai karanta ba. A sashenmu ba rubuta manhaja ake yi ba, tambayarmu ita ce me ya sa ake narka kuɗi a kawo na'ura ofis, bayan shekara ka dawo ka tarar ma'aikata sun koma wa tsohuwar rajistarsu, kwamfutar kuma an rufe ta da ƙyalle saboda ƙura.

Kuma kar ka ɗauka ciwonmu ne mu kaɗai. Nan Ingila sun fara shirin haɗa bayanan marasa lafiya na NHS, hukumar asibitocin gwamnatinsu, a kwamfuta a 2002, a 2011 suka wargaza shi, kusan fam biliyan 10 ya ci. Ga Horizon ta gidan waya, manhaja tana nuna giɓin kuɗi na ƙarya, manya suka gaskata na'ura suka ƙaryata mutane, tsakanin 1999 da 2015 aka gurfanar da masu riƙe da rassan gidan waya sama da 900, wasu har kurkuku. Ka nemi rubuce-rubucen Richard Heeks na Jami'ar Mancesta kan tazarar da ke tsakanin abin da mai ƙira ya tsara da yadda ake aiki a zahiri, sannan ka je ofishin rekod na asibiti ka ga yadda ake cike DHIS2, manhajar tattara bayanan lafiya, in wata ya ƙare, wa ke shigarwa, wa ke sa hannu, wa ke tsoron wa.

Abin da ya fi ƙona min rai shi ne neman izinin shiga ma'aikata in yi bincikena. Wata ma'aikata a gida wata da watanni suna min jeka-ka-dawo, kuɗin makaranta na tafiya, da na samu shiga kuma akawun da na fi buƙata bai buɗe baki ba sai da na kashe rikoda na ajiye biro. Da gumina na samo wannan babin na kundin digirina, kuma shi masu jarrabawa suka fi yabawa, alhamdulillahi.

Batun kuɗi kuwa, na lafiya kaɗai fam 776 ne duk shekara, kuma dunƙule ake biya tun wajen neman biza. Tun Janairun 2024 mai mastas na aji ba ya zuwa da iyali, sai mai digirin bincike. In ba ka samu sikolashif ba don Allah kar ka sa Baba ya sayar da gona.