Na tafa wa jarumin da ya ci sarki Musulmi da yaƙi a fim: na yi ridda?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni tela ne, mu biyar ne a shago. In aiki ya lafa da daddare mukan kunna finafinan Indiya masu fassarar Hausa, irin na yaƙin sarakuna da takubba da giwaye. Kwanan baya muka kalli wanda ake gwabzawa tsakanin sarkin Hindu da sarki Musulmi. Da jarumin ya karkashe dakarun Musulmin sai na ji daɗi har na tafa, don a fim ɗin su ne azzalumai. Abokin aikina ya ce na yi ridda, har aurena ma akwai magana. Mene ne gaskiyar lamarin, kuma kallon ya halatta?

Amsa: Wa alaikumus salamu wa rahmatullah. Da sunan Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa.

Ɗana, Musuluncinka yana nan, igiyar aurenka ma tana nan. Ridda a irin wannan babi ita ce mutum ya so kafirci don kafircin, ko ya yi murna don an ƙasƙantar da addinin Allah. Kai kuwa zalunci aka nuna maka, ka ƙi shi. Shari'a ba ta ce mu goyi bayan azzalumi don sunansa Musulmi ba. A hadisin Bukhari, Annabi (SAW) ya fassara taimakon ɗan'uwa azzalumi da hana shi zaluncin. Abokinka ne ya kamata ya shiga taitayinsa, don ya tabbata a Bukhari da Muslim cewa wanda ya ce wa ɗan'uwansa kafiri, kalmar za ta koma kan ɗayansu.

Amma fa ban sallame ka ba. Wa ya shaida maka cewa su ne azzalumai? Mai shirya fim. Shi ya zaɓi wanda za a sa wa baƙaƙen kaya da kwalli rangaɗau, yana yagar nama da haƙora, shi ya zaɓi wanda za a haska wa fuska a sa masa kiɗa mai taushi. Allah ya ce a Suratul Hujurat, aya ta 6, idan fasiƙi ya zo da labari a yi bincike. A Suratul Isra'i, aya ta 36, ya hana bin abin da ba ka da iliminsa.

Ba ka faɗi sunan fim ɗin ba, amma ga misali. Padmaavat na 2018 ya nuna Sarkin Delhi Ala'uddin Khilji ya kai yaƙi birnin Chittor don ya ƙwace matar sarkin garin. Yaƙin Chittor ya faru a 1303. Labarin matar kuwa ya samo asali ne daga wata waƙa da Malik Muhammad Jayasi ya rubuta a 1540, fiye da shekara ɗari biyu bayan rasuwar Ala'uddin. Amir Khusrau, wanda ya halarci yaƙin ya kuma rubuta labarinsa, bai ambaci wannan mata ba. To ka ga, tuhumar neman matar wani ce aka ɗora wa mamaci ba da shaida ba, miliyoyin mutane suka tashi daga kallo sun gaskata.

Kada ka ɗauka wanke sarakunan nan nake yi. Ala'uddin baffansa Jalaluddin ya kashe ya hau mulki a 1296. Aurangzeb, sarki Musulmi da ya yi sarauta a Indiya daga 1658 zuwa 1707, ya tsare mahaifinsa, ya sa an kashe yayansa Dara Shikoh, kuma kisan da ya sa aka yi wa Sambhaji, Bahinde sarkin al'ummar Marata, a 1689, wanda fim ɗin Chhaava na 2025 ya ginu a kai, ya faru da gaske. Aurangzeb ɗin dai ne ya tara malamai suka tsara Fatawa Hindiyya, da har yau Hanafiyya ke komawa gare ta. Sarakuna ne masu neman ƙasa, suna da na yabo da na zargi. Abin da fim ke ɓoyewa shi ne yaƙe-yaƙen ba Musulmi a gefe guda Hindu a gefe guda ba ne. Rundunar da Aurangzeb ya tura wa Shivaji, mahaifin Sambhaji, a 1665, Bahinde ne ya jagorance ta, Raja Jai Singh. Ana goge wannan ne don siyasar yau, kuma Musulmin Indiya ke kwana a ciki: bayan fitowar Chhaava an yi ta kiran a rushe kabarin Aurangzeb, har rikici ya ɓarke a birnin Nagpur a watan Maris na 2025. Annabi (SAW) ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar.

Sai batun kallon. Labarin mutanen da suka shuɗe asalinsa halal ne, ko da ba Musulmi ba ne. Hukunci yana bin abin da ke cikin fim ɗin. Rawar mata da bayyana tsiraici haramun ne kallonsu, kuma ɗan Risala ya san Ibn Abi Zaid ya hana ganganta sauraron kayan kiɗa da waƙe-waƙen banza. Saɓanin Ibn Hazm a kan kiɗa sananne ne, amma bai halatta kallon tsiraici ba. Wanda ya fi damuna shi ne kirarin yaƙi. Wannan "Har Har Mahadev" da dakaru ke yi suna ɗaga takubba kiran abin bautarsu ne Shiva, ga shi da daɗin maimaitawa. In akwai yaran koyon ɗinki a shagonku, kada ka yi mamaki ka ji ɗaya yana rera shi yana guga. Wanda bai san ma'anarsa ba ba a kafirta shi, amma wajibi ne a sanar da shi ya daina. Haka ƙarshen Padmaavat, inda mata ke shiga wuta ana ƙawata abin kamar ranar biki, alhali kisan kai ne da Suratun Nisa'i, aya ta 29, ta hana.

Don haka fim ɗin da aka gina shi kan ɓata Musulmi a jumlace, ko ɗaukaka bautar gumaka, bai halatta ku mai da shi abin hira ba, sai ga mai nazarin da zai yi raddi. Wanda bai kai haka ba, in za ku tsallake rawa da waƙar, bai cinye muku Isha'i da Asuba ba, bai sa ɗinkin mutane ya kwana ba, ba na iya cewa haramun ne, ko da yake barinsa ya fi. Tafin da ka yi, istigfari ya wadatar, ba sai ka sake ɗaura aure ba.

Wallahu a'alam.